Ɗan takara zai ba ƙungiyarmu miliyan 12 da sharaɗi: mu karɓa ko mu haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ce shugabar wata ƙungiyar mata a jihar Katsina, muna tallafa wa marayu da iyayensu mata. Duk shekara gab da azumi mukan raba hatsi da ɗinkin sallah ga gidaje kusan 200, daga karo-karon mambobi da abin da masu hali suka ba mu. Bana tsadar kaya ta sa ko rabi ba za mu iya ba. Sai ga wani babban mutum mai neman takara ya aiko zai ba mu naira miliyan 12, kuɗi hannu, amma a buga hotonsa a buhuna, yaransa su kawo rabin sunayen waɗanda za a ba, a kuma ɗauki bidiyon marayun suna yi masa godiya. Wanda ya haɗa mu da shi yana son kashi 10 cikin 100. Kwamitinmu ya rabu biyu, wasu na cewa yunwa ba ruwanta da siyasa. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya saka muku da alheri, Ya sa a mizani.

A yadda tayin nan yake yanzu, kada ku karɓa. Amma kada ku rufe ƙofa. Ku koma wa mutumin da naku sharuɗɗan, domin abubuwan da ya nema ba nauyinsu ɗaya ba: akwai wanda za ku iya yi masa da zuciya ɗaya, akwai kuma wanda in kun yi shi kun sayar da ƙungiyar.

Masu cewa yunwa ba ruwanta da siyasa ba su faɗi ƙarya ba, kuma kada ki ɗauke su marasa tsoron Allah. Su ne ke shiga gidajen nan suna ganin murhun da ya kwana biyu ba a hura ba. Ki saurare su sosai, sannan ki nuna musu abin da za a biya a madadin kuɗin.

Son a ambaci sunan mai bayarwa ba aibu ba ne. Aya ta 271 ta Suratul Baƙara ta yabi sadakar da aka bayyana, ta ce ɓoyewar ta fi. Don haka ku rubuta masa takardar godiya, ku sa sunansa cikin jerin masu gudummawa, ku faɗe shi a wurin rabo kamar yadda za ku faɗi na kowa. Hoto a jikin buhu a lokacin takara kuwa fosta ce, ku kuma kun zama masu liƙa ta. Sashe na 221 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana kowace ƙungiya, in ba jam'iyyar siyasa ba, nema wa ɗan takara ƙuri'a.  Ko da babu wanda ya kai ƙara, abokin hamayyarsa na da masoya cikin masu yi muku karo-karo, kuma suna gani.

Sharaɗin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na sunaye. Hajiya, jerin gidaje 200 ɗin nan shi ne duk jarinku. Ba ku da gini, ba ku da gona, abin da kuka mallaka shi ne mutane sun yarda cewa wanda sunansa ya shiga littafinku mabuƙaci ne na gaskiya. Kin fi ni sanin yadda aka same shi: bi gida-gida, tambayar mai unguwa da liman da maƙwabta, a cire wadda ta sake aure ta samu rufin asiri, a sa wadda mijinta ya rasu watan jiya. Yaran ɗan takara ba da wannan ma'auni za su zaɓa ba, da katin zaɓe da rumfa za su zaɓa. Ranar rabo uwar marayu biyar za ta koma gida hannu rabbana, tana kallon maƙwabciyarta mai miji da sana'a ta sauke buhu daga kan babur. Ba za ta zo ta yi miki faɗa ba. Za ta faɗa wa wadda ke ba ku ɗari biyar duk wata, ita ma ba za ta ce komai ba, sai dai wata ya ƙare ba ki ga kuɗinta ba. Irin wannan janyewar ba ta da ƙara, shi ya sa shugabanni ba sa lura da ita sai baɗi, lokacin da zaɓe ya wuce, wayar babban mutum ta daina shiga, asusu kuma ya bushe. Ga kuma haƙƙi: wanda ya ba ku kuɗi da sunan marayu amana ya ba ku, in kuma akwai zakka a ciki, aya ta 60 ta Suratut Tauba ta riga ta lissafa kashi takwas na masu cin ta, babu mai ikon ƙara na tara.

Batun bidiyo ma ba na sassauci a kansa. Kowa ya san yadda irin taron nan ke gudana. A tara mata tun hantsi a filin firamare, goyo na kuka, a yi ta jiran mai girma har la'asar. In ya iso, a jera yara a gaba, kowa ya rungumi ledar shadda, mai kyamara yana cewa a ɗaga da kyau, a maimaita godiyar don ba ta fito ba. Aya ta 264 ta Baƙara ta gargaɗi masu bayarwa kada su ɓata sadakarsu da gori da cutarwa, kuma ban san sunan da za a ba wannan ba in ba shi ba. Hatsin zai ƙare kafin sallah, bidiyon yana nan a Facebook da TikTok har yarinyar ta isa aure. Kada a ce ai uwar ta yarda, wadda ba ta da abin buɗe baki ba ta da bakin cewa a'a. In shaida yake so cewa kuɗinsa ya isa inda ya dace, wannan haƙƙinsa ne: a ba shi rasiɗin sayen hatsi, hoton kayan a sito, da rajistar da kowace uwa ta sa hannu ko ta dangwala. Ya turo wakili ya tsaya ya gani da idonsa, ba tare da kyamara a fuskar kowa ba.

Kuɗi hannu kuwa doka ta yanke magana. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ga mutum ɗaya, ko miliyan 10 ga kamfani ko ƙungiya mai rajista, sai ta banki. Miliyan 12 ya haura duka biyun. Ya tura ta asusun ƙungiya, daga asusun da ke ɗauke da sunansa.

Sai mai neman la'ada. Kashi 10 na miliyan 12 shi ne miliyan 1 da dubu 200, ki sa ma'ajiyarku ta lissafa wa kwamiti abincin gidaje nawa ke nan. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi (SAW) ya tura karɓar zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi ya hau mumbari ya tambaya, me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar? Wannan ba ya nufin mai aiki ba zai ci guminsa ba, ayar zakka da kanta ta ware wa ma'aikatanta rabo. Bambancin shi ne alawus sananne, wanda kwamiti ya yanke kuma aka rubuta, da kaso daga abin da mutum ya jawo. Mai cin kaso burinsa a karɓi kuɗin ko da wane sharaɗi, shi ya sa ƙwararrun masu tara gudummawa a ƙasashe irin su Amurka suka sa haramcinsa cikin ƙa'idojin sana'arsu. A biya shi kuɗin mota da na waya in ya kashe, a yi masa godiya.

Yanzu ga abin da ya shafe ki a matsayinki na shugaba. Kwamitinki ya rabu ne saboda ana neman yanke hukunci alhali kuɗin na ajiye a gaban kowa. Aikin shugaba shi ne ta sa a yanke irin wannan hukuncin tun kafin kuɗi su zo. Shafi ɗaya ya isa, da Hausa, kowa ta sa hannu: kuɗin da ba ma karɓa, wanda ke da ikon sa suna ko cire shi, yadda muke ɗaukar hoto, abin da za a yi da rarar kuɗin da aka tara don wani abu takamaimai. In akwai wannan takardar, ba Hajiya ce ta ƙi Alhaji ba, tsarin ƙungiya ne, kuma shi za a karanta wa duk ɗan takarar da ya zo, na kowace jam'iyya.

Manyan ƙungiyoyi ma da haka suke tsira da mutuncinsu. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda mutanen Katsina da Zamfara suka sani a asibitocin yara masu tamowa, ta yi abin da ya ba duniya mamaki bayan igiyar tsunami da ta auka wa ƙasashen gaɓar tekun Indiya ranar 26 ga Disamba 2004. Cikin 'yan kwanaki ta sanar cewa abin da ta samu ya ishe ta aikin da za ta iya yi a can, a daina aiko mata don shi. Sannan ta koma wa masu bayarwa tana neman izinin kai rarar wasu wurare. Mafi yawa suka amince, kaɗan suka ce a mayar musu, aka mayar. Daga cikin inda kuɗin suka yi amfani har da yunwar da ta auka wa Nijar a 2005, musamman yankin Maraɗi. A Yunin 2016 kuma ta daina karɓar kuɗin Tarayyar Turai saboda ba ta yarda da yadda ake mayar da 'yan gudun hijira ba. Abin da ya ba ta wannan ƙarfin hali shi ne sama da kashi 90 cikin 100 na kuɗinta daga hannun jama'a da masu zaman kansu yake fitowa, ba daga gwamnatoci ba.

Lissafin ɗaya ne ko a unguwa. Mutum 500 masu ba da dubu ɗaya duk wata sun tara miliyan 6 a shekara, kuma babu ɗayansu da zai ce a sa hotonsa. Ba sa dawwama sai suna ganin inda kuɗinsu ke tafiya, saboda haka takardar nan ke za ta fara ɗaurewa, Hajiya. Kada sisin ƙungiya ya ratsa ta asusunki, ko da na kwana ɗaya ne. Fitar da kuɗi ya zama da sa hannun mutum biyu ko uku. 'Yar'uwarki in za ta shiga jerin, ki fita daga ɗakin a tattauna ba ke. Duk wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban mambobi, a tura a zauren WhatsApp ɗinku har da takardar banki. Can gaba ku yi tunanin waƙafi, irin wanda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibar: a tsare asali, a ciyar da amfanin. Shago ɗaya na haya ko injin markaɗe ya isa mafari.

Ki je wurinsa da kanki, ba ta bakin ɗan aike ba, tare da sakatariyarki da wani dattijo da yake jin nauyinsa. Ki fara da godiya, ki nuna masa littafin gidajen da yadda aka tantance su, ki ce: Alhaji, muna son taimakonka, ga abin da za mu iya yi maka, ga wanda amanar marayu ta hana mu. Sau da yawa sharuɗɗan nan ba daga bakin mai kuɗin suka fito ba, na kusa da shi ne suka ƙara don su ma su samu nasu, kuma akwai masu jin kunya su janye su in an yi maganar ido da ido. Zai yiwu ya rage kuɗin. Ku karɓi ragaggen in babu igiya a jikinsa.

In kuma ya fasa gaba ɗaya, kada ki ɓoye wa mambobi dalili, amma kada a tozarta shi a gari ko a intanet. Ku sanar da gidajen tun da wuri cewa bana abin ba zai kai na bara ba, don su nemi wata hanyar kafin azumi ya kama. Ku ajiye ɗinkin sallah, ku sa duk abin da ke hannu a hatsi, ku fara da gidajen da ke da ƙananan yara kuma babu mai shigo da ko sisi. Sannan ku rubuta wa duk wanda ya taɓa ba ku wani abu, ku gaya masa adadin gidajen da suka rage da kuɗin da ake buƙata don a kai musu.