Kan hular da aka sa ka tuɓe a Idumota

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji zafin da ke cikinsa. Ka ce ka shiga Idumota a tsibirin Legas karɓo saƙo, ka tarar da shaguna a rufe, wasu masu fararen kaya suka tare ka da sanduna, sai da ka tuɓe hula da takalmi suka bar ka ka wuce. Kana tambaya wace irin al'ada ce wannan, ko kuwa don sun ga Bahaushe ne. Kwantar da hankalinka, ba da kai ake ba. Ko Bayarabe ɗan Ibadan ya faɗa hannunsu ranar, sai ya taka ƙasa da tafin ƙafarsa.

Ni ma an yi mini. Ina yaron mota a lokacin, muna lodi a Apapa, na tsallaka gadar Carter da sabuwar zanna bukar a kaina, ina ji da kaina. Wata tsohuwa ce ta ja mini hannun riga tana cewa "Aboki, fila! Fila!", wato hula. Na cusa ta a aljihu, na rataya takalmana a yatsa. Kwalta ta yi zafi kamar tanda, ina tafe ina ɗage ƙafa kamar zakara. A gabana wani ya taho kan keke bai sauka ba. Sanda biyu ya sha a gadon baya kafin ya gane.

Abin da ka gani Eyo ake ce masa, kuma ba wasan shekara-shekara ba ne kamar hawan salla. Rakiyar mamaci ce. In Oba, wato sarkin Legas, ya rasu, ko wani babba da garin ke ji da shi, sai a sa rana, dodannin su fito lulluɓe da fari tun daga fuska har ƙasa, da malafa a ka, da doguwar sanda mai zane da suke kira opambata. Launin malafar ke nuna gidan da dodo ya fito. Masu baƙa su ne Adimu, manyansu ke nan, masu ja kuma Laba. A wurinsu waɗannan ba mutane ba ne ranar, kakanni ne suka dawo, shi ya sa ba a tsaya musu da hula ko takalmi, ba a shan taba, ba a hawa keke ko acaɓa, mace kuma ba ta fitowa da kitson shuku. A Legas, a kan tsibirin kaɗai ake yi, taron ya ƙare a dandalin Tafawa Ɓalewa.

Na farko da suke ƙirgawa na 1854 ne, na Oba Akitoye. Shi ne ya yi rigimar sarauta da Kosoko, har Turawan Ingila suka yi wa garin ruwan wuta daga jiragen ruwa a 1851 suka mayar da Akitoye kan gado. Shekara goma bayan nan, a 1861, ɗansa Dosunmu ya sa hannu garin ya koma hannun Ingila. Ka ga ke nan mulki ya tafi, amma ranar Eyo har yau 'yan Isale Eko, unguwar da fadar Iga Idunganran take, suna tuna wa kowa su waye masu ƙasa. Ko sunan Ikko da muke faɗa, Eko ɗinsu ne bakinmu ya lanƙwasa. Legas kuwa 'yan Fotugal suka raɗa.

Kada kuma ka ɗauka mu baƙin jiya ne. A 1863 wani Bature, Glover, ya tara Hausawa, da yawansu waɗanda suka kuɓuta daga bauta, ya yi dakaru da su, kuma daga wannan 'yar runduna sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa. Obalende ma ana danganta kafuwarta da sojojin Hausawa. Daga baya jirgin ƙasa ya haɗa Kano da teku, gyaɗarmu da fatunmu ta Apapa suka riƙa fita, fataken goro suka cika Agege. Duk waɗannan sun zauna da Eyo, ba su bar sallarsu ba, ba su kuma tsaya dambe da dodo a titi ba.

Batun addini da ka taɓo, gaskiyarka, abin ba namu ba ne. Ni tun daga waccan rana ban sake zuwa ba, ko kallo. Amma ka sani tsibirin nan cike yake da Musulmi tun da daɗewa. In ka samu sarari ka leƙa titin Martins ka ga masallacin Shitta-Bey, wanda aka buɗe a 1894. Har Sarkin Musulmin Turkiyya ya ba mai ginin sarautar Bey. A cikinsu akwai masu shiga Eyo, akwai masu rufe ƙofa su zauna gida, kuma tsakaninsu suke wannan muhawara, ba sai ɗan Kano ya zo raba musu ba. Ana shelar ranar tun da wuri a rediyo. In ka ji, ka yi zamanka a Agege. In kuwa dole ta kai ka, hula a aljihu, takalmi a leda, ka bi gefen inuwa saboda kwaltar.

Ka gaida mai ɗakinka. In direban nan zai taso, ka haɗo mini da goro fari, na wancan karon duk ya bushe a hanya.

Baffanka