Tambaya da Amsa: Tumatir a Tsakar Gida

Assalamu alaikum. Na dasa tumatir a buhuna cikin watan Fabrairu. Ya yi ganye shar, ya yi fure, amma furen sai ya bushe ya zube, ko ɗa ɗaya ban gani ba. Taki ne bai isa ba?
*Wata uwargida, Jekadafari, Gombe*

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki ƙara taki, lokaci ne ya ƙwace miki. Dashen Fabrairu yana fure ne a Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Gombe ke dosar digiri 40. Da zarar rana ta wuce digiri 35, dare kuma bai yi sanyi ba, garin furen tumatir yakan mutu, fure ya zube ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Yawan takin yuriya ma ganye kawai yake ƙarawa. Shi ya sa masu noman rani a Dadin Kowa suke auna shukarsu yadda fure zai faɗo cikin sanyin hunturu.

Ki jira Oktoba. Ki sayi iri na cikin leda, kamar Roma VF ko UC82B. 'Ya'yan tumatirin miya ba a san halinsu ba. Ki yafa irin a tsohuwar roba mai huji, ki rufe da ƙasa 'yar kaɗan, zurfin santimita 1. Bayan mako uku zuwa huɗu, idan ya yi ganye huɗu ko biyar, ki dasa da la'asar sakaliya, ki ba shi ruwa nan take.

Haɗin buhu kuwa: kwano biyu na ƙasa, ɗaya na yashi, ɗaya na ruɓaɓɓen takin dabbobi. Ruɓaɓɓe muka ce, domin ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa. Ki huda gindin buhun wuri biyar ko shida, tushe ɗaya a kowane buhu, tsakaninsu kamu guda, a inda rana ke samu aƙalla awa 6. Mako biyu bayan dashe ki binne takin zamani NPK 15-15-15 kwatankwacin cikin murfin kwalbar lemo ɗaya, nesa da kara kamar faɗin yatsu huɗu. Ki maimaita idan fure ya fara. Ki kuma tsare shi daga kaji da awaki, wannan kin fi mu sani.

Tumatirina yana 'ya'ya, amma gindin kowane ɗa sai ya yi baƙi ya lotsa. Wane magani zan fesa?
*Wani mai karatu, Kumo*

Malam, riƙe kuɗinka, wannan ba ƙwaro ba ne. Sinadarin kalsiyam ne bai kai ga ɗan ba, kuma galibi yana nan cikin ƙasar. Ruwa ne ke ɗaukarsa zuwa sama. Idan yau ka cika buhu da ruwa, gobe da jibi ka bar shi ya ƙeƙashe, tafiyar ta yanke. Ka riƙa ba kowane buhu lita 1 zuwa 2 kullum da safe, a gindi, ba a kan ganye ba. Tsoma yatsa kafin ka zuba: in ƙasa na da danshi har gaɓa ta biyu, rage. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa a saman ƙasa don ta riƙe laima. Waɗanda suka riga suka yi baƙi ka tsinke su, ba sa warkewa. Ruwan wanki mai omo kuma kada ya kusanci buhun.

Ganyen yana yin fari-fari kamar takarda, ga ƙananan huji a jikin 'ya'yan.
*Wata ɗaliba, Pantami*

'Yar'uwa, ɗaga ganyen ki duba shi ta hasken rana. In kin hango 'yar tsutsa tsakanin fatun ganyen da ɗigo-ɗigon baƙin kashi, to sharon ce, wadda ta yi wa gonakin Kano da Kaduna kaca-kaca a 2016. Tana ɓuya cikin ganye, shi ya sa feshi ba ya cika samunta. A 'yan buhuna hannu ya fi magani: tsinke duk ganyen da ya kamu kowace safiya, ki ƙone. Sannan ki daka ƙwayar dogonyaro giram 50, ki jiƙa a lita 1 ta ruwa ta kwana, ki tace, ki fesa da yamma har bayan ganye, sau ɗaya a mako.