Amsa: pip ya ƙi saka min komai tunda na koma Ubuntu 24.04

Sannu ɗan'uwa. Wannan saƙon kuskure na `externally-managed-environment` da pip (manhajar saka fakitocin Python) yake jefo maka, kusan kowa a nan ya sha shi, kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Tun daga Debian 12 da Ubuntu 23.04 aka hana pip taɓa Python ɗin da tsarin kwamfutar ke aiki da shi, bisa ƙa'idar PEP 668.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu bidiyon koyarwa da ke cewa kawai ka ƙara `--break-system-packages` ko ka sa `sudo`. Haba! Ai sunan na farkon ma, wato "karya fakitocin tsari", ya gaya maka ɓarna zai yi. Kayan Ubuntu irin su `add-apt-repository` da wannan Python ɗin suke tafiya. In ka haɗa da `sudo`, pip zai zuba sabon fakiti a /usr/local, ya sha gaban wanda apt (mai saka fakitocin Ubuntu) ya saka, ranar da ba ka zata ba sai abu ya ƙi tashi, kuma ba za ka gane daga ina matsalar ta fito ba. Mai bidiyo ya samu masu kallo ya yi gaba, kai kuma ka kinkimi laftof cikin cunkoson Legas zuwa kasuwar kwamfuta ta Computer Village, a ce maka sai an goge komai. Ko kalma ɗaya ta gargaɗi ba sa yi. Wallahi ba adalci.

Mafita ita ce venv, wato keɓaɓɓen wurin Python na aikinka kaɗai wanda ba ya taɓa na tsarin: ka fara da `sudo apt install python3-venv`, sannan a cikin foldar aikinka ka buga `python3 -m venv .venv`, ka kunna shi da `source .venv/bin/activate`. Daga nan `pip install -r requirements.txt` (fayil ɗin jerin fakitocin da aikinka ke buƙata) zai wuce. In manhaja ce ta tamina da kake son kira daga ko'ina, pipx ne maganinta, shi yake saka kowace manhaja a nata keɓaɓɓen wurin.

Wani tarkon kuma: 24.04 da Python 3.12 yake zuwa, an cire distutils, tsohon kayan haɗa fakiti, daga cikinsa. Tsohon fakiti zai yi ta kukan bai same shi ba, sai ka saka setuptools da ya maye gurbinsa ko ka ɗaga sigar fakitin. Haka fakitin lissafi NumPy 2.0 da ya fito a Yunin 2024 ya karya abubuwa da yawa, in aikin tsoho ne rubuta `numpy<2` a requirements.txt.

Ba ka tambayi batun data ba, amma zai zo. Daƙiƙa 15 kacal pip yake jira kafin ya yanke, ka ƙara `--timeout 60`. In ka samu intanet mai ƙarfi a ofis a Yaba, yi `pip download -r requirements.txt -d kaya`, kwashe a filas, a gida ko babu sabis ka buga `pip install --no-index --find-links=kaya -r requirements.txt`. Amma fa sigar Python da nau'in kwamfutar su zama iri ɗaya, in ba haka ba fayilolin wheel ɗin, wato fakitocin da ka sauke, ba za su shiga ba. Waɗannan umarnin pip duk suna cikin jagoran pip.pypa.io, can za ka duba kafin ka kwafi umarnin kowa.