Me Ya Sa Ake Auna Zafi Maimakon Lantarki?

Tambaya: Malam, na karanta cewa masana suna neman wani nau'in sufakwandakta mai suna "na tofoloji" ta hanyar auna zafi da juyin ilektron (wato ɗan maganaɗisun da ke cikin ilektron). Tunda abin na lantarki ne, me ya hana a auna lantarkin kai tsaye? Daga wani ɗalibin fiziya, Zariya.

Amsa: Ɗana, ka taɓo inda gizo ke saƙar. Sufakwandakta abu ne da lantarki ke ratsa shi ba tare da turjiya ba idan ya yi sanyi ƙwarai, kamar yadda Kamerlingh Onnes ya gani a jikin zaiba a birnin Leiden na ƙasar Holan a 1911. Na tofoloji kuwa yana da wata siffa da ƙananan aibobi ba sa gogewa, kamar ramin zobe wanda ko an lanƙwasa zoben yana nan. Ana sa ran a gefensa a sami wasu ƙwayoyi da ake kira da sunan Ettore Majorana, wanda ya yi hasashen irinsu a 1937, kuma su ne ake kwaɗayi domin ƙera kwamfutar kwantam (mai aiki da dokokin fiziyar ƙananan ƙwayoyi) mai juriya.

Matsalar ita ce waɗannan ƙwayoyi ba su da cajin lantarki, saboda haka ma'aunin lantarki yakan ba da shaida mai rauni. Alamar waɗannan ƙwayoyi da aka gani a cikin wata siririyar waya a birnin Delft na Holan a 2012 ta tayar da murna, amma daga baya aka fahimci cewa datti a cikin waya ma yana iya haifar da irinta, har aka janye wata takardar bincike ta 2018 da ta yi irin wannan iƙirari a shekarar 2021.

Zafi kuwa suna ɗaukarsa. Idan aka ɗumama gefe ɗaya na ɗan ƙanƙanin samfuri, aka bar ɗaya gefen da sanyi, lissafi ya nuna zafin zai karkata gefe da adadin da ya kai rabin abin da hanyar ilektron guda take ɗauka cif. Wannan rabin ne tambarin da ake farauta. Bambancin zafin nan yana iya tura juyin ilektron, wato ɗan maganaɗisun da ke cikinsa, zuwa gefe ko da caji bai motsa ba, shi ya sa ake bin sawunsa shi ma.

A ganina wannan hanya ta fi aminci, sai dai tana da wuya matuƙa, domin girgizar atam ma tana ɗaukar zafi tana ruɗa awo. Abin da ya sa ake ta muhawara ke nan kan rabin da masanan Jami'ar Kyoto suka ba da rahoton gani a 2018, a wani gishirin ƙarfen ruteniyam wanda shi kansa ba sufakwandakta ba ne.