Yadda nutron ke gano tsarin maganaɗisu

Ana iya tambayar yadda nutron, wani ƙanƙanin ɓurɓushi da ke tsakiyar atom (ƙwayar zarra), ke gano maganaɗisu alhali ba shi da cajin lantarki. Dalili shi ne nutron yana ɗauke da ɗan ƙaramin maganaɗisu nasa, don haka idan ya ratsa cikin abu, ilektron (ƙananan ɓurɓushi masu kewaya tsakiyar atom) marasa abokin haɗi, waɗanda su ma ke da maganaɗisu, sukan karkatar da shi, kuma daga kusurwoyin da ya watsu ake karanta yadda maganaɗisun atom suka jeru. A 1949 Clifford Shull da J. Samuel Smart suka gwada wannan a Oak Ridge, Amurka, da sinadarin manganis oksaid mai tsananin sanyi, suka ga maganaɗisun suna fuskantar ɓangarori masu kishiyantar juna, kamar yadda masanin kimiyya Louis Néel ya yi hasashe.