Biyan tarar ɗaurarre da kuɗin zakka

Tambaya: Malam, ɗan maƙwabcina a Ƙofar Sauri ya saci buhun gero shi da abokinsa. Alƙali ya yanke musu wata shida ko tarar naira 50,000, da biyan mai gero. Dangin abokin sun biya a ranar, shi kuwa yana gidan yari. Zan iya biya masa daga zakkata?

Amsa: Bismillahi, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Za ka iya, da sharaɗi.

Kada ka kafa hujja da kason 'yanta wuyaye (wato bayi) na aya ta 60 a Suratut Tauba, wadda ta lissafa masu cin zakka, domin Shehu Khalil a Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, ya ce wanda ya fanshi kamamme da zakkarsa ba ta isar masa ba. Ƙofarka ita ce ta masu bashi. A nan Shehu Khalil ya ambaci bashin da ake tsare mutum saboda shi, ya cire wanda aka ci ta hanyar ɓarna, sai fa in mai shi ya tuba. To, je ka ziyarci yaron, ka ji daga bakinsa. In ka ga nadama, fara da haƙƙin mai gero, sannan tarar. In zuciyarka ba ta natsu da tarar ba, ba shi zakkar a matsayin fakiri, shi ya wakilta ka ka biya.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne abokin. Laifi ɗaya, hukunci ɗaya a takarda, amma aljihu ya raba su. Annabi (SAW), a hadisin matar nan ta ƙabilar Banu Makhzum da ta yi sata, ya ce abin da ya halaka mutanen da shi ne ƙyale mai daraja in ya yi sata, da tsayar da haddi kan mai rauni. Ba alƙalin nake zargi ba, da doka ya yi aiki. Sai dai ta'aziri, wato horon da alƙali ke yankewa bisa ganinsa, ana auna shi da halin mai laifi, don ya gyaru, kuma wata shida a ɗaki ɗaya da riƙaƙƙun 'yan fashi ba ya gyara ɓarawon gero. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta tanadi hukunci ba ɗauri, kamar aikin al'umma. Kira ga hukuma ta yi aiki da wannan yana cikin umarni da kyakkyawa.

In za ka biya, ka biya a rajistar kotu, ka karɓi rasit, kada ka damƙa wa mai cewa ya san hanya. Wallahu a'alam.