Tambayar Mai Karatu: Wane Bijimi Ya Dace da Kiwon Oganik?

Tambaya: Ina da shanun tatsa 12, kuma ina son in mayar da su kiwon oganik, wato wanda ba a amfani da takin zamani ko maganin feshi a gonar ciyawarsu. Wane irin bijimi zan nema, kuma idan saniya ta kamu da ciwon hantsa, shin an hana yi mata allura?

Amsa: Malam, tun wajen zaɓen bijimi ake rage wahalar jinya. Masu kiwo da yawa suna bin yawan madara kawai, su ɗauko jinin Holstein tsantsa, wato shanun Turai masu yawan madara, alhali saniyar da aka tsara don cin hatsi mai yawa takan rame idan ciyawa ce babban abincinta, har ta yi jinkirin ɗaukar ciki. A ganina gara ka nemi bijimin da 'ya'yansa mata suke da ƙafafu masu ƙwari, hantsa a ɗaure, da sauƙin haihuwa, ko da madararsu ba ta cika bokiti ba. Shi ya sa ake yawan gauraya Holstein da Jersey, wani jinsin shanun madara mai ƙaramin jiki. Ƙa'idar kiwon oganik ta Tarayyar Turai ta yarda da ɗura maniyyi, amma ta hana dasa ɗan tayi.

Saniya takan nemi barbara duk bayan kwana 21, cikinta kuma yakan kai kimanin kwana 283. Ka daina tatsarta kwana 60 kafin ta haihu, sannan ka tabbata maraƙin ya sha dakashi cikin awa 6 na farko, domin bayan haka hanjinsa yana rage karɓar garkuwar da ke ciki.

Game da allura kuwa, babu ƙa'idar da ta ce a bar dabba tana shan wuya. A Amurka, saniyar da aka yi wa maganin antibayotik ta fita daga garken oganik ke nan, amma duk da haka doka ta wajabta a yi mata magani. A Turai tana nan a garke, sai dai a ninka kwanakin da ake zubar da madararta bayan magani. Kafin kowace tatsa ka matsa ɗigon farko a baƙin kofi: idan ka ga gudaji kamar na nonon da ya tsinke, ko hantsar ta yi zafi da tauri, ka ware saniyar, ka tatse ta a ƙarshe, ka kira likitan dabbobi a ranar.